Kwano goma sha biyu masu murfi: littafin aikina a Arita

7 ga Mayu

Kasuwar tangaran ta watse. Daga 29 ga Afrilu zuwa 5 ga Mayu kowace shekara, garin Arita na ƙasar Japan da mutanensa ba su wuce dubu ashirin ba yakan karɓi baƙi wajen miliyan guda, a kafa rumfuna tun daga tashar jirgin ƙasa ta Arita har ta Kami-Arita, tafiyar kusan kilomita huɗu. A makon nan babu mai taɓa yumɓu. Kowa ya koma ɗan tireda, ni ma naɗe kofuna a takarda na yi ta yi har yatsuna suka sage. Yau aka share ɗakin aiki, malamina, wanda nake kira Sensei, kuma ya amince in fara abin da na daɗe ina roƙo.

Aikin shi ne kwano goma sha biyu na farin tangaran, kowanne da murfinsa, da zane shuɗi a ƙarƙashin ruwan sheƙi. Faɗin baki santimita 15 bayan gashi. Ni kwanon miya nake gani a raina, irin wanda za a rufe a kai wa baƙo. Shi kuwa da ya duba zanen ya ce ai wannan kwanon dafaffen kayan lambu ne, an daɗe ana yin sa a nan. Ba mu yi gardama ba, kwano dai kwano ne.

Sharaɗi biyu aka yi, ɗaya nasa ɗaya nawa. Nasa: kowane murfi ya zauna daram a kan kowane kwano, ba a kan nasa kaɗai ba. Nawa: ni zan yi komai da hannuna, daga cuɗa yumɓu har sauke kaya daga tanderu. Na ce, "Sensei, a bar ni in gwada." Ya yi shiru, sannan ya ce to, irin to ɗin da babba ke ce wa yaro in ya ƙi jin magana.

19 ga Mayu

Na haura Izumiyama, inda komai ya faro. A da tsauni ne. Yanzu wani ƙaton rami ne mai bango fari da ɗorawa-ɗorawa, don shekaru ɗaruruwa ana farfasa shi ana mayar da shi kwanuka.

Labarin da ake ba kowane baƙo shi ne a 1616 wani magini ɗan Koriya, Yi Sam-pyeong, wanda Japanawa ke kira Ri Sampei, ya gano dutsen tangaran a nan, daga nan Japan ta fara yin abin da a da sai dai ta sayo daga Sin. Masu tonon tarihi sun fi taka-tsantsan, suna cewa cikin shekarun 1610 aka fara gwadawa a tanderun yammacin gari. Abin da babu musu a kai shi ne yadda maginan suka zo. Toyotomi Hideyoshi, mai mulkin Japan a lokacin, ya kai wa Koriya yaƙi a 1592, ya sake komawa a 1597, da rundunoninsa suka janye a 1598 sai sarakunan yankin Kyushu suka taho da magina, ciki har da gidan Nabeshima mai mulkin Saga, yankin da Arita ke ciki. Ganimar yaƙi ce, ko da yake yau an kafa wa mutumin hasumiyar tunawa a kan tudun da ke bayan wurin ibadar Tozan, tun 1917. Ƙofar shiga wurin ibadar ma da tangaran aka yi ta, fari da shuɗi, a 1888.

Ba a daɗe ba sana'ar ta ci dazuzzuka, saboda tanderu ba ya ƙoshi da itace. A 1637 hukumar Nabeshima ta kori mutum 826 daga aikin, ta tattara tanderun da suka rage wuri guda a ƙarƙashin idonta. Tun daga ranar tangaran ɗin Arita ya zama harkar gwamnati mai doka da shinge, kuma a ganina duk abin da nake karo da shi a ɗakin aikinmu daga nan ya samo asali.

Yumɓun da ke gabana ba na Izumiyama ba ne. Yau kusan duk Arita da dutsen Amakusa take aiki, daga tsibiran jihar Kumamoto. Ana kai shi masana'antun yumɓu, da yawansu a Shiota, a daka shi ya zama gari, a tace a ruwa, a matse. Hawa-hawa ake sayar da shi gwargwadon farinsa. Ni na tsakiya aka ba ni, Sensei ya ce na saman ba na mai koyo ba ne. Falalar dutsen nan ita ce Allah ya haɗa shi da kayan haɗinsa: farar ƙasa, kwaz, da wani ma'adini da ke narkewa ya ɗinke su. Shi kaɗai ya isa ya zama tangaran. Farar ƙasarmu ta Ƙanƙara, wadda na saba da ita a Zariya, ba ta narkewa ita kaɗai komai wutar da ka ba ta a tanderun magini, sai an auna mata felsfa da kwaz. Wannan ne ya sa Turawa suka daɗe suna lalube, sai a 1710 aka buɗe masana'antar Meissen a Jamus.

2 ga Yuni

Cuɗa yumɓu, sannan faifan gini. Akwai maganar da magina ke yi a nan, wai shekara uku ta cuɗa, shekara goma ta faifai. Cuɗar tasu juyawa ce a hankali har curin ya yi ninki-ninki, don fitar da iska. Ƙwayar iska guda da ta ɓuya tana iya kumbura bangon kwano a wuta.

Yumɓun nan ba shi da ƙashi. Wanda na saba da shi yana da tsakuwa-tsakuwa a jiki, yana tsayawa inda ka tsayar da shi. Wannan sulɓi gare shi, ga shan ruwa, in ka daɗe kana lallaɓa shi sai ya zauna. Dole ka san siffar da kake so kafin ka taɓa shi, ka ja sau biyu ko uku, ka danna cikinsa da doguwar filafilin katako, ka cire hannu.

Na fere ma'aunina na gora, wanda suke kira tombo: sanda biyu a gicciye, ɗaya na auna faɗin baki, ɗaya zurfi. Tangaran na tsukewa fiye da kashi goma cikin ɗari tsakanin faifai da ƙarshen gashi, don haka kwanon santimita 15 sai an gina shi ya ɗan haura 17.

23 ga Yuni

Damina ta sauka, irin tasu ta yayyafi ba dare ba rana. Kwanon da zai bushe a kwana biyu yana kai mako. A wani ɓangaren gara haka, domin tangaran in baki ya riga gindi bushewa sai gindin ya tsage. A ɗaya ɓangaren kuma katakan jera kaya sun cika, ba wurin ajiye sababbi.

Sensei yana zagayowa da yamma. Yakan ɗauki kwano, ya shafa cikinsa da yatsa, ya ɗora tombo. Wanda ya kauce da faɗin farce sai ya jefa shi cikin bokitin jiƙo, ba faɗa ba fushi. Jiya ya ɗauki wani da nake alfahari da shi, mai layukan yatsa a bangonsa suna hawa a karkace, ya yanka shi biyu da zare, ya nuna mini inda bango ya yi kauri da inda ya sirance. Ya ce a wuta siririn wurin zai riga mai kaurin laushi, bakin ya zama ƙwai, murfi ba zai zauna ba.

A nan muka bambanta, kuma bambancin ya girme mu duka. Ni a makarantar da na taso, layin yatsa a jikin tukunya abin so ne, shi ke nuna mutum ne ya yi ba inji ba. In ka bi salsalar wannan ra'ayi sai ka ga abin mamaki: daga Japan ɗin ya fito. Bernard Leach a Japan ya koyi gini, ya koma Ingila tare da Hamada Shoji suka kafa ma'aikata a St Ives a 1920. Michael Cardew almajirin Leach ne, shi ya buɗe cibiyar koyar da ginin tukwane a tsohuwar Abuja, Suleja ta yau, a farkon shekarun 1950. Ladi Kwali, wadda hotonta ke jikin naira ashirin, ta shiga cibiyar a 1954. Abin da ya iso mana ta wannan hanya shi ne Japan ɗin Hamada da garinsa Mashiko da Yanagi Soetsu, mai rajin ɗaukaka sana'ar hannu ta talakawa: kayan talaka, ƙasa mai kauri, ruwan sheƙi da ya zuba inda ya ga dama, kyan da ke cikin rashin daidaito. Na zo nan ina zaton Japan ke nan gaba ɗaya.

Arita wata Japan ce daban. A nan gwanintar hannu ita ce a rasa gane inda hannun ya bi. Inoue Manji, wanda gwamnati ta ba matsayin da ake kira taskar ƙasa mai rai a 1995, farin tangaran zalla ya shahara da shi, babu zane ko ɗigo. Na tsaya gaban wani tulunsa na daɗe ina neman inda ya kuskure ban samu ba. Ba na cewa ra'ayinsu ya fi namu. Tukunyar ruwan Ladi Kwali da ƙadangarunta ba ta bukatar tombo. Amma ita ba a ce murfi goma sha biyu su yi musaya a kanta ba.

10 ga Yuli

Sassaƙa. Rabin aikin tangaran a nan yake, ba a ja ba. Ana gina kwanon da kauri, a bari ya kusa bushewa, a kife shi a faifai a bi shi da wuƙar ƙarfe mai lanƙwasa. Abin da ke fita ba ɓawo ba ne, gari ne fari, yana shiga hanci da gashin ido, shi ya sa ba a yi sai da takunkumi. Kaurin bango da kunne ake jin sa: ka ƙwanƙwasa da farce, in amon ya yi sama ka kusa hudawa. Daga nan a fitar da zoben gindi, a goge jikin duka da jiƙaƙƙen ƙyalle har sawun wuƙa ya ɓace.

Murafen ne masu cin rai. A al'ada murfi a kan kwanonsa ake gasa shi, a bar inda suke haɗuwa babu ruwan sheƙi, a shafa garin alumina don kada su manne. Tare suke tsukewa, in za su karkace tare suke karkacewa, shi ya sa kowane murfi ke dacewa da nasa ko da aikin bai kai ba. Sharaɗin Sensei ya toshe wannan mafaka. Na yanka ma'auni na biyu da farantin gwangwani domin leɓen da murfi ke zama a kai, na bar sararin da bai fi kaurin takarda biyu ba.

Na gina fiye da ninki biyu na abin da nake bukata. Kowa a nan haka yake yi.

27 ga Yuli

Gashin farko, digiri 900 ko kusa da haka. An sauke lafiya in ban da 'yan kaɗan da gindinsu ya tsage. Yanzu kwanukan sun yi ƙarfin da za a riƙe su, launinsu fari mai ɗan ja-ja, kuma suna zuƙe ruwa nan take. Zafi ya yi tsanani, ɗakin tanderu ba ya shiguwa da rana.

18 ga Agusta

An rufe ma'aikata kwanakin Obon, lokacin da suke komawa garuruwansu ziyarar kaburburan iyaye. Na yi amfani da hutun na je gidan tarihin tangaran na Kyushu da ke nan Arita, inda tarin Shibata yake, kaya wajen dubu goma na zamanin Edo, ƙarni na 17 zuwa na 19, a jere bisa shekarunsu. Washegari na hau mota zuwa Okawachiyama, bayan garin Imari.

Kwari ne da duwatsu suka kewaye ta fuska uku. Nan gidan Nabeshima ya mayar da tanderunsa na musamman a 1675, ya kafa shingen bincike a bakin hanya don kada magini ya fita da sirri. Kayan da ake yi a wurin ba na kasuwa ba ne, na kyauta ne ga shogun, shugaban mulkin soja na Japan, da manyan sarakuna, wanda bai kai ba kuma fasa shi ake yi. Farantan girmansu a ƙayyade yake, zanensu maimaici, ka jera biyar ka kasa bambance su. A bakin rafi an sake gina turmin da ruwa ke sarrafawa, irin wanda ake daka dutse da shi a da: ruwa ya cika kwarya a ƙarshen gungume, ya rinjaya ya zube, taɓaryar ta faɗo. Can gefe akwai kabarin da aka tara duwatsun maginan da ba a san danginsu ba, ɗaruruwa.

Babu farantin da mutum ɗaya ya yi a cikinsu. Mai ja daban, mai sassaƙa daban, mai ja layin zane daban, mai cike launi daban, mai tsoma ruwan sheƙi daban, mai wuta daban. Masu jan fenti ma unguwa guda aka ware musu a Arita, Akaemachi, sirrin haɗin fenti kuma magajin gida kaɗai ake faɗa wa. Rarraba aikin ya taimaki hukuma wajen tsare sirri, tunda wanda ya gudu yanki guda ya sani. Amma ya kuma haifar da hannayen da suka yi abu ɗaya shekara arba'in. Har gobe haka manyan gidajen suke. Lokacin da gwamnati ta amince da fasahar farin jikin tangaran na gidan Kakiemon a 1971, da ta Nabeshima mai launi a 1976, ƙungiyoyin ma'aikatan ta ba shaidar, ba mutum ɗaya ba. Magini mai ɗakin kansa, wanda ke yin komai shi kaɗai ya sa sunansa, baƙo ne a tarihin garin nan, ɗan ƙarni na ashirin.

29 ga Agusta

Zane. Shuɗin da ake amfani da shi gosu ne, garin kobal da ake niƙawa da ruwan koren shayi har ya yi laushi. Kafin gashi baƙi-baƙi ne, babu alamar shuɗi, sai ka riƙa ƙiyasta duhunsa a ka. A da daga Sin ake kawo shi, ɗanye da dattinsa, kuma dattin ne ke ba tsofaffin kaya wannan shuɗi mai sanyi. Da Gottfried Wagener, masanin kimiyya Bajamushe, ya zo Arita a 1870, ya nuna musu kobal tatacce mai arha da haske. Masu haɗa gosu na yau komawa baya suke yi, suna ƙara masa ƙarfe da manganis don ya rage tsawa.

Zanena mai sauƙi ne: layi biyu a baki, zangarniyar gero guda a gefe ɗaya, a bar sauran fari. Layin siririn buroshi ya zo mini da sauƙi fiye da yadda na zata, hannun da ya riƙe alƙalamin kara a makarantar allo bai manta ba. Sai dai allo ana wanke shi a sake, wannan kuwa da buroshi ya sauka jikin kwanon ya shanye, shi ke nan.

Cike launi, wato dami, shi ne ya tsaya mini. Buroshin ƙato ne, ya kai kaurin hannun jariri, ana cika shi da ruwan gosu a riƙe gashinsa da yatsu. Ba shafawa ake yi ba. Matsawa ake yi ruwan ya taru ɗigo guda a bakinsa, a karkata kwanon ɗigon ya bi cikin layi, in an kai ƙarshe a sassauta yatsu buroshin ya zuƙe ragowar. Bakin buroshin kusan ba ya taɓa kwanon. In ka tsaya na ƙiftawar ido sai wurin ya yi tabo.

Dattijuwar da ke wannan aiki a ma'aikatarmu tun tana budurwa take yin sa. Ba ta ja layi, ba ta taɓa hawa faifai ba. Tana iya fitar da duhu hawa uku a ganye guda tana sauraron rediyo. Na yi ta gwaji a fasassun kwanuka, nawa yana fitowa dabbare-dabbare. Ta duba ta ce ba laifi, a Japan kuwa ba laifi yana da faɗi.

4 ga Satumba

Na sauka daga sharaɗina, rabi. Rabin kwanukan ni zan cike su, rabin ita. Ba don na gaji ba, so nake in jera su bayan gashi in gani da idona ko abin da nake karewa ya cancanci kariya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma ban taɓa kawo wa raina maganar ta shafi kwanon miya ba. Sensei bai ce komai ba.

12 ga Satumba

An yi gargaɗin guguwar teku, aka jinkirta kunna wuta. Mutanen nan ba sa wasa da iska da wuta a haɗe: a 1828 guguwa ta haddasa gobarar da ta cinye kusan duk tsohon garin, shi ya sa gidajen da ke babban titi mafi yawansu bayan wannan shekara aka gina su. Abin da ya fi burge ni a lungunan bayan titin shi ne katangun tonbai, waɗanda aka gina da tubalan tsofaffin tanderu da tarkacen kayan gashi, jikinsu na ƙyalli saboda tokar da ta narke a kai.

Na tsoma kwanukan a ruwan sheƙi. Fari ne kamar kunu, da ka tsoma zanen ya ɓace gaba ɗaya, sai wuta ta narkar da shi ya zama gilashi sannan shuɗin ya bayyana. Tsofaffi da tokar itacen isu suke haɗa shi, namu na garin dutsen farar ƙasa (limestone) ne, ya fi tabbas. Ana riƙe kwano ta zoben gindi, a nitsar a juya a fitar cikin numfashi guda, sannan a goge gindin tas. Kowane kwano a kan ɗan faifan yumɓu ɗanye ake ɗora shi, hama, wanda zai tsuke tare da shi don kada gindin ya ja a kan shiryayye ya karkace.

17 ga Satumba

Babban gashi. Tanderunmu na gas ne. Masu tanderun itace na nan, gidan Kakiemon da na Imaemon har yau da itacen akamatsu mai yawan ƙaro suke gasa manyan kayansu, kowane kaya a rufe cikin akwatin yumɓu don kada toka ta taɓa shi. Wannan ma ya isa ya nuna bambancin: a wasu garuruwan Japan, irin su Bizen, tokar ake nema ta faɗo a jikin tukunya, a nan ɓoye kaya ake yi daga gare ta.

Mun kunna da asuba. Da zafi ya haura digiri 900 Sensei ya rage hanyar hayaƙi, harshen wuta ya leƙo ta ramin dubawa. Manufar ita ce a hana wutar iska, sai ta koma neman oksijin a jikin kayan. Ɗan ƙarfen da ke cikin yumɓu da ruwan sheƙi, wanda da zai ba da fari mai ɗorawa-ɗorawa, sai ya juya ya ba da fari mai sanyin shuɗi. Haka aka riƙe ta har kusan 1300. A wannan zafi kwanon laushi yake yi, saura ƙiris ya narke, duk wata karkata da aka bari a faifai a nan take fitowa. Akwai na'urar auna zafi, amma shi launin cikin tanderu yake kallo da 'yan kusoshin gwaji da ke lanƙwashewa in an kai. Wutar dai a hannunsa take, ni rubuta lambobi kawai na yi. Wani yanki na sharaɗina ya sake tafiya ke nan, kuma wannan ban ma yi tayin riƙe shi ba, tunda kayan ma'aikata na wata guda suna ciki tare da nawa.

21 ga Satumba

An buɗe. Farin ya fito yadda ake so, in ka ɗaga kwano ga taga kana ganin inuwar yatsunka ta cikin bango. Wasu sun samu baƙin ɗigo, ƙurar ƙarfe ce da ta faɗa, a nan kuwa ɗigo guda ya isa a sauke kaya zuwa rumfar araha. Waɗanda ke shiryayyen sama, inda zafi ya fi yawa, bakinsu ya ɗan buɗe.

Sensei ya jera kwanukan a dogon katako, ya tattara murafen ya cakuɗa su, ya shiga ɗorawa ɗaya bayan ɗaya yana juya kowanne da yatsa. Wanda ya zauna shiru yake juyawa. Wanda bai zauna ba yana ƙwaƙwas. Fiye da rabi sun yi musaya lafiya, sauran kowanne nasa kawai ya sani. Goma sha biyu ba su cika ba.

Batun dami kuwa ba sai an tambayi kowa ba. Zangarniyoyinta kamar iska na kaɗa su, duhu daga tushe yana sirancewa zuwa baki. Nawa a tsaye suke ƙiƙam, da tabo inda hannuna ya yi shakka. Akwai ɗaya cikin nawa da tabon ya faɗa daidai inda ƙwayar gero za ta yi nauyi, ya yi kyau ƙwarai, na kuma san a Mashiko ko a Zariya shi za a fara ɗauka. Na nuna mata. Ta ce kyakkyawa ne, in sake yin irinsa goma sha ɗaya.

13 ga Oktoba

Na yi mako biyu ina juya shawarar ƙara ja a kan zangarniyar. Ana zana shi a kan ruwan sheƙin da ya riga ya gasu, a mayar wuta ta uku, wajen digiri 800. Wannan fasaha ce ta ɗaga Arita: cikin shekarun 1640 Sakaida Kakiemon na farko ya gano kanta, daidai lokacin da daular Ming ta Sin ta faɗi a 1644, yaƙi ya tsayar da fitar kayan Jingdezhen, babban garin tangaran na Sin. Kamfanin Holan na Gabashin Indiya, da ke zaune a tsibirin Dejima na Nagasaki, ya juyo nan, ya ba da babbar oda a 1659. Ta tashar Imari kayan ke fita daga yankin, shi ya sa Turai ta san su da sunan Imari. Augustus, mai mulkin Saxony a Jamus, ya tara su kamar zai haukace, Meissen ɗinsa kuma ta yi ta kwaikwayon zanen Kakiemon.

Na fasa. Jan Kakiemon a kan farin madara yake haskawa, jikin da suke kira nigoshide, wanda ya ɓace aka farfaɗo da shi a 1953. A kan farina mai sanyin shuɗi zai yi duhu. Ban da haka, gwani na bakwai ke nan zan ce zan zama, alhali na shida bai karɓe ni ba.

Sai maganar hatimi. A cibiyar Abuja tukunya takan ɗauki hatimin wurin, sunan garin da harafin Larabci, da kuma na wanda ya gina ta, kamar LK na Ladi Kwali. Na so in yi haka. Amma kwanon da na ja na sassaƙa, wata ta cike masa launi, wani ya riƙe masa wuta, wasu a Shiota suka daka masa dutse, sunan wa zai ɗauka? Tsofaffin kayan Arita akasarinsu babu sunan magini a gindinsu. Mun tsaya a kan hatimin ma'aikata kaɗai. Kuɗi ma ya shigo ciki: a Hasami, garin da ke maƙwabtaka da mu, kwano mai kama da wannan da zubi ake yin sa a mazubin filasta, a sayar da shi a kan ɗan abin da bai kai kuɗin yumɓu da gas ɗina ba, kuma murafensa duk suna musaya. Na faɗa wa Sensei haka. Ya miƙo mini nasa da na zubi ya ce in rufe ido in sha ruwa da kowanne. Leɓen na hannu ya fi siranta, nauyinsa kuma a gindi yake, ba ya rinjaya. Bambancin gaskiya ne. Ko ya kai ninkin kuɗin, wannan ban yanke ba tukuna.

5 ga Nuwamba

Zagaye na biyu ya yi nisa. Na sake fere tombo, na rage milimita ɗaya a faɗi, na bar wa leɓen kwano ɗan kauri don ya jure zafi. Iska ta bushe yanzu, kaya na saurin shan iska, sai na riƙa rufe bakunansu da takarda da dare. Sanyin ruwan faifai ya fara cizon yatsu, ana ɗora butar ruwan zafi a gefe.

Dami duka ita za ta yi a wannan karon. Ni kuma kullum bayan an tashi ina zama da fasassun kwanuka da buroshinta na biyu, wanda ta ara mini da sharaɗin in wanke shi in rataye shi kai ƙasa. Za a tsaya aiki kwanakin bikin tangaran na kaka a ƙarshen wata, gashin farko kafin nan, babban gashi a farkon Disamba in Allah ya kai mu. Na roƙi a ba ni shiryayyen tsakiya, Sensei ya ce sai ya ga yawan odar sabuwar shekara.